Minti Goma Sha Biyar a Shagon Agogo

Tun tana ƙarama ake kiranta Rediyo a gidansu, kuma babu wanda ya taɓa cewa an zalunce ta. Yarinyar da za ka tambaye ta ina wuƙa take, ta ba ka labarin wanda ya are ta bara da abin da matarsa ta haifa! Ranar da ta ce ilimin halayyar ɗan'adam za ta karanta a jami'a, don ta riƙa sauraron damuwar mutane, sai da yayanta ya ƙware da ruwa saboda dariya.

A takarda kam ba a kama ƙafarta. Matsalar ta zo ne a shekarar ƙarshe, da malamarsu ta ce kowane ɗalibi ya nemo mutum ɗaya wanda ya yarda, ya zauna da shi minti goma sha biyar, ya ɗauki muryar a waya ya kawo. Ƙa'idojin ba su da yawa. Ka yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a. Kada ka katse mutum, kada ka ɗora masa shawara. Ka mayar masa da abin da ka fahimta. In kuma ya yi shiru, ka ƙirga goma a zuci kafin ka buɗe baki.

Rediyo ta yi nata da abokiyar ɗakinta, ta kai tana taƙama. Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta cire tabarau.

"Minti goma sha biyu naki ne, uku nata. A cikin ukun ma, ɗaya tari take yi. Wai a cikinku wa ya zo neman taimako?"

"Malama, ai ni na ga kamar..."

"Kin gani ko? Ko ni ba ki bari na gama ba. Ki sake. Mako ɗaya na ba ki. In ya dawo haka, sai mu haɗu baɗi a wannan ajin."

Maimaita shekara guda! Hankalinta ya tashi. Ta bi ƙawaye, kowa ta ce kanta na ciwo. Yayanta ya ce shi damuwarsa ɗaya ce a duniya, kuma ga ta tsaye a gabansa. Har aka zo ana gobe wa'adi, ba ta samu kowa ba sai Baba, mahaifinta.

Baba mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. Mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba, kuma rabinsu "to" ne. Ta same shi da hantsi zaune bayan tebur, agogunan bango suna ta bugawa kowanne da nasa lokacin. Ta miƙa masa takardar amincewa, ya juya mata baya, ya ɗora ta a kan akwatin kayan aiki ya sa hannu. Ta ajiye waya tsakaninsu, ta gyara zama, ta sassauta murya yadda aka koya musu.

"Baba, yaya kake ji a ranka yau?"

"Lafiya."

"Idan na fahimce ka, kana cewa lafiya."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Shekara huɗu kenan wannan ake koya muku?"

Ta haɗiye amsar da ta zo mata. "Me ya fi damunka 'yan kwanakin nan?"

"Hayaniya."

"Wace irin hayaniya?"

Kallonta kawai ya yi.

Kai, wannan tsoho! Minti huɗu sun tafi, tambayoyin da ta haddace sun ƙare. Idonta ya faɗa kan wani ɗan agogon hannu da ke buɗe a kan farin ƙyalle a gabansa.

"Ba ni labarin wannan agogon."

Baba ya yi shiru. Ta fara ƙirgawa tare da babban agogon da ke bayan kansa. A uku harshenta ya fara ƙaiƙayi. A shida ta riga ta shirya magana uku, har da labarin wani ɗan ajinsu. Ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinya. Goma ta cika, sai ta lura leɓensa na motsi, ta ci gaba da ƙirgawa. Ta kai ashirin da biyu.

"Mako uku kenan yana nan," in ji Baba. "Datti ne kawai, na wanke shi tun ranar farko. Saura 'yar ƙusa ɗaya in mayar."

Ya ɗauki hantsaki, ya kamo ƙusar, ya nufi ramin da ita. Hannun ya fara rawa. Bakin hantsakin ya yi ta bugun gefen agogon, har ƙusar ta kuɓuce ta faɗa kan ƙyallen.

"Tun bara ya fara. Mamanku ba ta sani ba. Na ce mata shayi ya fita daga raina. Ƙarya ne. Tsoro nake kada ta ji kofin yana kaɗawa a kan faranti."

Bakin Rediyo ya cika taf: asibiti, likita, magani, me ya sa ba ka faɗa ba. Kuka ma ya taso mata. Ta haɗiye su gaba ɗaya, ta jira har ya ɗago.

"Kana tsoron ranar da za ka rufe shagon nan," ta ce a hankali.

"Ba rufewar ba ce. Shekara arba'in ana ce mini mai agogo. In na rufe, me za a ce mini?"

Daga nan Baba ya ɓalle. Ya faɗi yadda yake zuwa da sassafe don a lokacin ne hannun ya fi natsuwa, da yadda yake ɓoye shi ƙarƙashin tebur in mutum ya shigo. Ita kuwa "to" kawai take cewa. Da wayar ta yi ƙara alamar lokaci ya cika, ta san abin da ke ciki: maganarta duka ba ta kai minti biyu ba. Ko malama ba ta da abin cewa.

Baba ya share fuska da hannun riga. "Malamar taku kaɗai za ta ji?"

"Ita ce." Ta ɗan tsaya. "Amma waɗanda suka fi kyau, tana kunna su a aji."

"Ku nawa ne?"

"Sittin da wani abu."

Ya daɗe yana kallon ƙofa. "To. Ai na sa hannu. Ki kai."

Ta dubi wayar, ta dubi hannun nan da ya sake komawa ƙarƙashin tebur. Ta tuna rigar bikin kammalawa da ta riga ta kai ɗinki, ranta ya sosu ƙwarai. Ta danna, wayar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta sake dannawa.

"Me kika yi?"

"Na goge."

"Ke! Shekara guda fa! Kanki ɗaya kuwa?"

"Zan gaya wa malama gaskiya, cewa na yi, amma ba nawa ba ne da zan kawo. In ta ce baɗi, to baɗin."

Baba ya lulluɓe ɗan agogon da ƙyalle, ya miƙe ya ɗauko kwaɗo da makulli, ya miƙa mata ta rufe shagon da kanta.

"Mu je gida," ya ce. "Mamanku za ta ji yau. Ki zauna kusa da ni, don Allah. Amma ni zan yi maganar."