Tebur Ɗaya da Suruki

Shekara ta zagayo Basiru yana karatu a Alƙahira, matarsa Mubaraka kuma tana can Potiskum, a gidan iyayenta da ke Dogo Tebo. Kewa ta ishe shi. Amma mahaifinta Alhaji Dabo, dillalin shanu a kasuwar kara, ya kafe cewa 'yarsa ba za ta hau jirgi ba sai ya ga ƙasar da idonsa, ya kuma ga ko zaman waje bai lalata tarbiyyar mijin ba. Da ciwon gwiwa ya kawo shi asibiti a Misra, Basiru ya san jarrabawarsa ce ta zo.

Alhaji Dabo mutum ne mai alfahari da kunya. Kowa a unguwa ya sha jin labarin yadda nasa surukin, mahaifin matarsa, ya rayu ya mutu bai taɓa ganin Alhaji ya kurɓi ko ruwa ba.

Ranar da likita ya sallame su, Basiru ya ce bari ya burge tsohon. Bayan magariba ya kai shi wani gidan abinci da ake yabo, da niyyar ya zaunar da shi, shi kuma ya ɓuya a wata kusurwa ya ci nasa. Ashe wurin a cike yake maƙil. Ma'aikacin ya cusa su a wani ɗan tebur, gwiwa na gugar gwiwa.

"Baba, bari in jira a waje."

"Zauna, Malam Basiru. Ka bar ni da mutanen da ba na jin yarensu? In sun kawo mini jaki fa?"

Aka kawo tattabaru da aka cusa wa shinkafa, da gasasshen nama, da gurasa mai zafi. Tun karin safe Basiru bai sa komai a bakinsa ba, cikinsa har ƙugi yake. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Bismillah mana," in ji Alhaji.

"A ƙoshe nake, Baba. Ku dai ku ci."

"Ni likita ya hana ni maiƙo."

Basiru ne ya yi tafinta a asibitin, ya kuma san likita bai ce komai a kan maiƙo ba, amma wa ya isa ya ƙaryata suruki? Suka zauna kamar masu zaman makoki, tattabaru na hucewa a tsakaninsu.

Sai ga mai gidan abincin da kansa, wani ƙaton Balarabe, hankali a tashe. Ya tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Ya rantse da safiyar nan aka yanka tsuntsayen. Har ya yagi cinya ya nufi bakin Alhaji da ita, Alhaji ya kauce kamar an nuna masa wuta.

"Me yake cewa?"

"Yana gaishe ku ne, Baba."

A ƙarshe aka ƙulle musu abincin a leda. Basiru ya fara murna a ransa, sai a bakin ƙofa Alhaji ya miƙa wa wata tsohuwa ledar sadaka, don kada a ce yana da kwaɗayi. Basiru ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Daga nan suka shiga kasuwa sayen tsaraba. Alhaji ya taya abaya da dardumar salla kamar yana tayin bijimi, yana juya su yana taɓe baki, amma muryarsa ba ƙarfi. Ko'ina suka bi ƙamshin suya ne. Da jiri ya fara ɗibar Basiru, ya zaunar da tsohon a shagon mai darduma.

"Baba, ku huta gwiwar. Zan dubo turare."

Da gudu ya faɗa wani lungu inda wani ke soya hanta a kan amalanke, yana cusawa a burodi da barkono. Ya karɓa ya kai baki, idonsa a lumshe. Yana buɗewa ya ga babbar riga a gefensa. Alhaji Dabo ne, wanda hanci ya jagoranto, ya yi ciniki da nunin yatsa, kumatu a cike, maiƙo na sheƙi a gemu.

Basiru ya sauke burodin daga bakinsa. Ya ce a ransa shi ke nan, Mubaraka sai dai a waya.

Alhaji ya haɗiye lomarsa. A hankali ya juya ya fuskanci bango. Basiru ma ya juya ya fuskanci titi. Haka suka ci, baya da baya, mai hanta yana kallonsu cokali a hannu.

Can sai Alhaji ya yi gyaran murya, ya yi magana da bango.

"Ita yarinyar nan tun tana ƙarama take son hanta. In ta iso, ka kawo ta wurin mutumin nan."

Basiru ya so ya yi godiya, baki a cike. Farin ciki ya cika masa ido da ƙwalla, ya goge da hannun riga.

"Kuma ka ce ya ƙaro mini biyu," in ji Alhaji. "Kada ka waiwayo."