Jar Takarda a Ƙofar Hulda

Duba-gari yana cikin buga jar takarda a ƙofar Hulda, sai maƙwabciyarta Orpha ta iso da kwanon madara. Ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya nan, baiwar Allah. Yarinyar ce, zazzaɓi mai jan ƙuraje. Ba shiga, ba fita."

Nettie ce ke nan, 'yar shekara shida, ita kaɗai marigayi mijin Hulda ya bar mata. Orpha ba ta taɓa haihuwa ba, duk ƙauyen nan na jihar Wisconsin ta Amurka kuwa an san yarinyar ta fi zama a kicin ɗinta fiye da gidan uwarta. Kullum safiya Orpha ke kai mata madara mai ɗumi daga shanun mijinta Lemuel.

Ba ta fasa ba. Sai ta ajiye kwanon a kan shinge ta ja da baya, Hulda ta fito ta ɗauka.

"Yaya jikin nata, Maman Nettie?"

"Harshen ya yi jawur. Maƙogwaro ya toshe. Tana ta tambayar Goggonta."

"Ki ce mata in ta tashi zan yi mata wainar tuffa."

A rana ta huɗu Orpha ta shiga garke neman bokiti, ta tarar Lemuel ya cire safar hannun da ya yi mako biyu yana fama da ita, wai sanyi. Fatar tafinsa tana ɗayewa kamar ɓawon dafaffen dankali. Ta san abin nan. Haka hannun ƙanwarta ya yi suna yara, bayan zazzaɓin ya sake ta.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Kaushi ne."

"Kaushi? Da ka kwana uku kana cewa mura ce ta kama maka wuya, ka hana ni kiran likita?"

Ya ci gaba da tatsa, bai ɗago ba. "Da an manna mana takardar nan, wa zai ƙara shan madararmu? Shanun za ki ci?"

"Ka sani ke nan."

"Ban sani ba. Zato na yi."

"Ka yi zato, ka tatsa da hannun nan, ka cika kwano ka miƙo mini na kai mata."

Shekara ashirin da aure, ba ta taɓa jin ta tsane shi ba sai ranar. Ashe mugun da take ta yi wa yarinyar addu'ar tsari daga gare shi, ita ke dafa masa abinci. Kuma ita ya mayar 'yar aike, wannan ne ya fi ci mata rai.

Ta tafi da ƙafarta ta faɗa wa duba-gari. Kafin la'asar an buga musu tasu takardar, aka tuttular da madarar a rami. Lemuel ya ce ta tona masa asiri. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Nettie ta cika da hantsin Alhamis. Hulda ba ta ji labarin ciwon Lemuel ba tukuna, don ba mai zuwa kusa da ita. Ta leƙo ta taga, idanu sun kumbura, ta hango Orpha a bakin shinge.

"Na gode, Orpha. Har ta tafi, ba abin da ya iya wuce maƙogwaronta sai madararki."

Orpha ta riƙe katakon shingen da hannu biyu.

Doka ta hana rakiyar irin wannan gawa. Keken doki ya zo ya ɗauki ɗan farin akwatin, direban ya toshe hanci da ƙyalle. Matan biyu suka tsaya, kowace a cikin gidanta, suna kallon keken yana gangarawa cikin dusar ƙanƙara, ba mutum ko ɗaya a bayansa.