Filin Bayan Kwastan

Aikin tafinta aiki ne na ba da aron baki. A zaunar da mutum cikin ɗan akwatin gilashi a ƙarshen zaure, a maƙala masa abin ji a kunne, duk abin da manya suka faɗa ya maimaita kamar daga cikinsa ya fito. In minista ya ce ya yarda, tafinta ma "na yarda" zai ce. Auta ta daɗe tana wannan aiki. Ta ɗauki alkawuran da ba nata ba, ta shirga ƙaryar da ba tata ba, kuma abin bai taɓa tsaya mata a rai ba sai a wannan taro.

Taron sulhu ne tsakanin ƙasarsu da ta tsallaken kogi, bayan yaƙin da ya rufe gada shekara da shekaru. Ana ta ja-in-ja kan harajin siminti da kamun kifi da layin lantarki, sai kuma abin da ministoci ke kira haɗin kan duniya idan sun hango kyamara. Ita dai Auta batu ɗaya take jira, na dawo da gawarwakin waɗanda yaƙin ya rutsa da su a can.

Yayanta na cikinsu. Direban babbar mota ne, ya tsallaka da kaya ranar da aka fara harbi, bai dawo ba. An ce an binne su da yawa a wani fili bayan ofishin kwastan. Shi ya koya mata yaren mutanen tsallake tun tana 'yar mitsitsiya, yana kwance ƙarƙashin mota yana gyara, tana miƙa masa sifana, yana tuntsira dariya in harshenta ya karye. Shi ya sa duk sa'ad da zauren ya yi tsit, abin ji ya ɗauki 'yar ƙarar nan tasa, sai ta ji kamar inji ne aka bari a kunne, kuma can ƙasa-ƙasa wani yana gyara mata magana. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

A gida, tun ranar da rediyo ya ba da labarin taron Inna, mahaifiyarsu, ta aika aka yanko mata likkafanin da za a sa wa Yaya. Ta ajiye shi a gefen matashinta, kullum sai ta kakkaɓe shi.

"Auta, sun zo kan maganar Yayanki?"

"Da saura, Inna. Yau kifi aka yi."

"Kifi! Oh ni. To Allah Ya kai mu kan mutane."

Ranar ƙarshe da safe aka kai kan mutanen, a zaman sirri. Ministan tsallake ya ce in za a buɗe gada, dole a samu inda manyan motoci za su tsaya, kuma babu fili sai na bayan kwastan. Ya ce tono ma zai fama ciwo ne kawai, a koma gardamar wa ya kashe wa. Ministansu Auta, wanda ya kwana biyu yana dukan tebur da sunan mamata, ya ji an rage masa harajin siminti, sai ya gyara tabarau ya ce abin dubawa ne. Kafin a kawo shayi an gama dubawa.

Bayan azahar aka kira 'yan jarida, gidan rediyo zai watsa jawabi kai tsaye. Su biyu ne a akwatin, ita da wani dattijon tafinta mai yawan tsotsar alewar tari. Karɓa-karɓa suke yi, kuma jawabin ministan tsallake a kanta ya faɗo. Dattijon ya ɗora hannu kan makirfonta.

"'Yata, bar mini wannan. Na san tsohuwarki tana gaban rediyo."

"Ai shi ya sa, Baba. In dai za ta ji, gara ta ji daga bakina da ta ji daga bakin baƙo."

Ya dube ta, ya janye hannunsa.

Minista ya fara, ta bi shi. Gada, kasuwa, 'yan'uwantaka. Sannan ya iso wurin, ta ji kalmomin suna shigo mata da yaren da Yaya ya koya mata, ta juya su ta fitar.

"Mun amince mu bar waɗanda suka kwanta a inda suke kwance. A kan filin za mu gina tashar manyan motoci, ta zama alamar zumuncin ƙasashenmu."

Zaure ya ɗauki tafi. Ƙarƙashin tafin ta ji injin nan yana ci, ta kasa kunne ko za a gyara mata wani abu. Ba a gyara ba. Daidai ta faɗa, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Da la'asar ta isa gida. Inna na zaune a bakin gado, rediyo a kashe, likkafanin a kan cinyarta. Auta ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Na ji ki," in ji Inna.

"Ba maganata ba ce, Inna. Ministansu ne, ni maimaitawa kawai..."

"Ni ban san wani minista ba. Muryarki na ji. Ko rawa ba ta yi ba, lallai kin iya aiki."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ta so a zage ta, ko a kore ta, ta samu abin riƙewa. Inna kuwa ninke likkafanin take yi a hankali, gefe kan gefe. Ta miƙa mata.

"Ungo, sa mini a akwati. Ba zai yi asara ba, ni zai yi wa amfani."

Ta karɓa da hannu biyu. Har ta kai ƙofa, Inna ta sake magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Motoci kika ce za su riƙa tsayawa a kansa?"

"Eh, Inna."

"Manya, irin tasa?"

"Irin tasa."

Tsohuwar ta daɗe tana shafa gurbin da likkafanin ya bari a gefen matashi.

"To," ta ce. "Dama can yaron nan ƙarƙashin mota yake kwana."