Kwalbar Maganin Jego

Kwana tara da haihuwar Basiratu, surukarta Hajiya Habsatu ta shigo ɗaki da kwalba a ƙarƙashin mayafi. Saiwoyi ne da ɓawon itace, wai wata mai magani a kasuwar Race Course ta haɗa don wanke cikin mai jego. Ana buɗe murfin wari ya cika ɗakin. Ashe ba a ruwa aka jiƙa su ba, a akpeteshi ne, giyar nan mai ƙona maƙogwaro.

Basiratu ta san warin nan tun tana 'yar mitsitsiya. Shi ke tashi daga rigar mahaifinta Kimba, telan da babu kamarsa a Zango, har ya kai shi kabari. Yayanta Rafiu ma ya bi sahu. Mutane kuwa, da iya rufa-rufa, "ciwon hanta" suke cewa su kau da kai.

Lokacin da take zuwa awon ciki ta taɓa tambayar wata nas, Hikma, ko abin gado ne. Nas ɗin ta ce ba shan ake gada ba, sauƙin kamuwa ake gada. Yana kwance a jini, abin da mutum ya sha da irin rayuwar da ya yi ke tashe shi, kuma abin da iyaye suka yi wa jikinsu yakan taɓa 'ya'ya. Maganar ta zauna mata daram.

"Cokali biyu kawai," in ji Hajiya. "Ai magani ne, ba giya ba ne kraa, ko kaɗan. Ni na sha, 'ya'yana mata duk sun sha."

"Mma, jininku daban, nawa daban. Ba zan sha ba."

"Ei! Ni zan ba ki haram? Ni da na je Makka sau biyu?"

Hayaniyar ta jawo matan gidan bakin ƙofa. Basiratu ta ji kunya, ta ji tsoro, amma haushi ya fi su yawa. Ta miƙe da ƙyar, ta karɓi kwalbar hannu biyu cikin ladabi, ta ratsa matan zuwa tsakar gida.

"Ku ji da kyau," ta ce. "Giya ce ta kashe babana, ba hanta ba. Ni ban taɓa ɗanɗana ta ba, amma wallahi da aka buɗe kwalbar nan yawuna ya tsinke. Kuma wannan jikin ne ke shayar da jikanku."

Ta tuntsurar da kwalbar a kwata, har saiwoyin suka toshe bakin kwalbar.

Hajiya ta riƙe haɓa. "To me zan gaya wa mutane, yarinyar nan?"

"Mma, ki ce musu 'yar mashayi ce, kuma a kanta abin zai tsaya."