Ɓawon Albasar Ilmars

"Riƙe da kyau mana, Gunta! Ƙwai ne, ba dankali ba."

Gunta ta gyara riƙonta. Tsoho Ilmars, maƙwabcinta, ya manna jiƙaƙƙen ganye a jikin ƙwan, ya rufe da ɓawon albasa, ya naɗe da tsumma. Zaren ne ya gagare shi. Yatsunsa sun kasa ƙulla shi, numfashinsa kuwa kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

"Baba, bari in kira motar asibiti. Na yi wa ɗanka alkawari."

"Shi da yake can birnin Riga me ya sani? In suka ɗauke ni yau, wa zai rina wa jikata Zane ƙwai? Ke? Naki na bara ai kamar an tsamo su daga kwata."

Ko a wannan hali bakin nan bai mutu ba! Gunta ta ji haushi, ta kuma ji tsoro.

Tun da matarsa Velta ta rasu, duk albasar da Ilmars ya yanka cikin hunturu sai ya adana ɓawonta a tsohuwar jakarta da ke rataye bayan murhu. Gobe bikin Ista, jikarsa Zane za ta zo a motar safe, kuma bai taɓa tarbar ta ba tare da ƙwan da aka rina a gidan nan ba. Kowace shekara sai sun gwara nasu, wanda nasa ya fashe ya sha kaye.

"To, suna tafasa zan kira," in ji Gunta.

"A'a. Sai sun huce a cikin ruwan. In kika yi gaggawa kala ba ta kamawa."

Ta yarda. Wallahi ta san bai kamata ba, amma ta yarda. Ta ɗaure zaren, ta jera ƙwan a tukunya, ta ƙara itace. Ruwan ya yi ja, ya koma kamar shayi mai kauri, warin albasa ya cika ɗakin. A waje ragowar ƙanƙara na ɗiga daga rufi.

"Kar ki manta da kitsen," ya ce daga kujerarsa. "A shafa su yi ƙyalli."

"Na ji, sarkin iyayi."

Bai rama ba. Shi ne abin da ya sa ta juyo. Kansa ya karkata wajen taga, guntun zare na nan a cinyarsa.

Da motar asibiti ta zo, babu abin da ya rage mata ta yi, rai ya riga ya yi halinsa. Gunta ta kira ɗansa ta faɗa masa komai, har jiran da ta yi. Tana gamawa ya kashe wayar.

Da safe Zane da ubanta, ɗan Ilmars, suka iso. Uban ya wuce ta ko gaisuwa babu. Zane kuwa ta zauna a teburin, idanunta a kumbure, tana kallon ƙwan a naɗe yadda aka tsame su.

"Wanne ne nawa, Anti?"

"Wannan mai jan zare. Shi ya naɗa da kansa."

Yarinyar ta warware tsumman a hankali. Ƙwan ya fito ja wur, hoton ganyen ya zame gefe, a karkace, inda hannun tsohon ya goce. Ta ɗaga shi ta saita tsininsa don a gwara, sai ta dubi kujerar da ke bakin taga.

Gunta ta ɗauko kitsen, ta ajiye a gabanta.