Ƙafafun Inna

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye, don ko sallama ka yi mata a ɗakin gwaji, sai ta gama duba kejin ɓerayenta za ta amsa. Sunan bai taɓa damunta ba. Abin da ya hana ta sukuni a makon nan ƙafafun mahaifiyarta ne. Sun kumbura sun yi suntum, har takalmi ya daina shiga, kuma ita kaɗai ta san abin da take tsoro.

Ita ce fa ta ɗora Inna a kan jiƙon. Ta tace wani sinadari daga sassaƙen wata bishiya, ta ba ɓerayenta masu ciwon suga, suga ya sauka kamar an daka masa tsawa. Inna kuwa ta gaji da ƙwayoyin asibiti, kullum cikin mita take. Sai 'yar ta ce a gwada ɗan kofi ɗaya da safe, ai itace ne. Tun daga ranar Inna ba ta da hira sai ta 'yarta mai haɗa magani, maƙwabta har sun haddace.

Kada wani ya ce ba ta bincika ba. Ta bincika. Akwai babban rumbun bayanan sinadarai a intanet, kyauta ga kowa da kowa. To amma ina amfanin kyautar da hannunka bai kai gare ta ba? Shafin da ake zana siffar sinadari a nemo shi ba ya buɗuwa da intanet ɗin sashensu na jami'a, sai ka bushe a kujera kana jira har a ɗauke wuta. Shi ya sa kowa a sashen, har Farfesa, da suna yake nema: ka rubuta sunan tsiron, in rumbu ya ce babu, ka ce ka gano sabo. Ita ma sunan bishiyar ta rubuta, aka ce babu. Ranar har rawa ta taka.

Mai kula da kwamfutocin sashen, wanda ake kira Sai Gobe don amsarsa ke nan ga kowace buƙata, ya daɗe yana sauko da rumbun ɗungurungum, kaɗan-kaɗan, cikin wata tsohuwar na'ura a ɗakin ƙarshen baranda, don a riƙa nema da zane ko babu intanet. Ba wanda ya ɗauke shi da gaske. Safiyar nan sai ga shi ya leƙo yana washe baki, wai goben ta zo, kuma ita za ta buɗe fagen.

Ta ce bari ta ba ɓeraye ruwa tukuna, alhali kwalabensu cike suke. Ta goge teburin da ba shi da datti. Da dabara ta ƙare, ta bi shi.

Ɗakin ƙanƙane ne, fanka na kuka, na'urar na huci. Ta san siffar sinadarin nan kamar yunwar cikinta, amma da ta kama zana shi sai da ta goge ta sake. Ta haɗa zobe da zobe, ta maƙala reshen ƙarshe. A ranta tana roƙon Allah ya sa a sake cewa babu.

Kafin ta janye yatsa amsa ta fito. Ga shi nan, babu ragi babu ƙari. An san shi tun kafin a haife ta, daga wani tsiro ne mai yaɗo na can wata nahiya, shi ya sa sunan bishiyarta bai taɓa kamo shi ba. An rubuta cewa yana sauke suga, wannan ta sani. Ta gangara ƙasan shafin. An yi watsi da shi ne saboda yana cin ƙoda a hankali, sai an daɗe ana sha yake nunawa, kuma kumburin ƙafa yana cikin alamun farko. Ɓerayenta ba su taɓa daɗewa a kan maganin ba balle su nuna mata.

Sai Gobe yana ta cika baki, a yaba masa saurin na'ura. Da ya dubi fuskarta, ya haɗiye sauran maganar ya ja mata ƙofa.

A baranda ta kira gida. Ƙanwarta Auta ce ta ɗauka.

"Auta, jiƙon nan ki zubar da shi yanzu. Ki shirya Inna, ga ni nan, asibiti za mu."

"Yaya, ai ta riga ta sha. Tunda ƙafar ta fara kumbura ma ta mai da shi kofi biyu, wai shi zai saɓar da ita."

Ta jingina da bango. Ta ji ana kokawar waya, sai ga muryar Inna, a gajiye amma cike da fara'a.

"Ke kuma kin cika tayar da hankali. In ba don maganinki ba ai da tuni an manta da ni. Allah ya yi miki albarka. Sassaƙen ya kusa ƙarewa, ki taho min da wani."

Ta kama hanyar gida da sauri, wayar na kunnenta. Inna tana ta tambaya ko tana jin ta.