Wurin Tsayuwar 'Yar Tsirit

Shekara goma sha ɗaya masaƙar tana rufe, sai tantabaru ke shiga suna fita. Da gwamnati ta ce za ta mai da ita wurin tarihi na ƙasa, har da ciyawa da kujerun hutawa, sai aka kira tsofaffin ma'aikata su zo su faɗi sunayen injuna. Cikinsu har da Gwangwani, wanda ya shekara talatin yana bin injunan da gwangwanin mai, har sunansa na yanka ya ɓata.

Da hantsi ya shiga ɗakin saƙa. Rana ta ratso ta tagogin sama, burbushin auduga na yawo a cikinta kamar jiya aka tashi aiki. Sauran tsofaffi suna duban injuna, shi kuwa ƙasa yake dubawa. Dama haka yake. A durƙushe ya yi aikinsa, ya fi sanin ƙafafun mutane bisa fuskokinsu.

Gaban kowane inji katakon ƙasa ya lotsa, daidai inda mai injin ke tsayuwa. A inji na tara ramukan ƙanana ne, na hagu ya fi zurfi. Nan marigayiyar matarsa, 'Yar Tsirit, ta tsaya har ta bar aiki. Ko hoto ɗaya ba ta bari ba, don ta tsani a ɗauke ta.

Sai ya ga wani kafinta yana zana gicciye da alli a kan ramukan.

"Me kake yi, ɗana?"

"Cirewa za mu yi, Baba. Duk ya cinye, baƙi za su yi tuntuɓe."

"Shekara talatin ba wanda ya yi tuntuɓe a nan."

"Ai ku ƙafafunku sun haddace wurin. Masu zuwa takalma masu tsini gare su."

Gwangwani bai ja da shi ba. Ya je wurin Injiniya, matar da ke shugabantar aikin, tana tsaye da hular kwano.

"'Yata, ara mini ƙafafunki."

"Baba, biyu kacal gare ni fa."

"Su nake so. Zan mayar."

Ta biyo shi tana dariya. Ya sa ta cire takalmi ta tsaya cikin ramukan. Nan take jikinta ya karkata hagu, hannunta ya sauka kan makunnin injin ba tare da ta nema ba. Dariyar ta tsaya.

"Wa ya sassaƙa wannan?"

"Matata. Gajeruwa ce, makunnin kuma yana sama, sai ta yi ɗage a kan ta hagu."

Ya zaga da ita. Na huɗu ramukansa a ware suke, na Mai Tumbi ne, sai ya buɗe ƙafa cikinsa ke samun wuri. Na shida babu rami, fili ne a goge sumul, don mai injin bai iya aiki sai yana rawa. Injiniya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, takalminta a hannu.

"Goge allin nan," ta ce wa kafinta. "Tagogi na jiranka."

"To, tun da ramuka ma sun sami dangi," in ji kafinta, ya kwashe kayansa.

Ta juyo ga tsohon. "Na tara fa, Baba? In sa masa gilashi, ko in bar mutane su tsaya? Idan suka tsaya, sannu a hankali zai sauya."

Gwangwani ya daɗe yana kallon ramin hagu. Wata tantabara ta sauka kan injin, ta leƙa su, ta tashi.

"Bar su su tsaya," ya ce. "Amma su cire takalmi. Ba ta son zama ita kaɗai, surutu gare ta."

Ya durƙusa da ƙyar, ya goge allin da hannun rigarsa. Tun da yana ƙasa, sai ya zaro 'yar kwalbar mai daga aljihu, ya ɗiga wa injin sau biyu.